Shekarar da Adda Kulu Ta Sauke Tukunya

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen biki da gidajen makoki na Gwandu: wai ni na kashe wa 'yar'uwata sana'a, wai hassada ce ta ci ni ganin sunanta ya fita nawa bai fita ba. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, na kuma san kunya ce ta hana ku. Amma ina lura da shirun da kuke yi duk sa'ad da aka ambaci Inna Kulu a gabana. Yanzu da idona ya fara rauni, ƙafa ma ta fara ƙi, ina so in ajiye muku yadda abin ya kasance daga bakina, domin kada ku gaji ɓacin ran da ba ku san tushensa ba.

Ku kuna ce mata Inna, ni Adda nake ce mata, kuma ita ce ta goye ni. Uwarmu ta rasu ina ƙarama, ban riƙe kamanninta ba, don haka idan aka ce uwa, bayan Adda Kulu nake tunawa da ƙanshin hayaƙi a zanenta. Mace ce doguwa mai kaifin harshe, ba ta iya rarrashi ba sai da abinci. Idan ta yi miki faɗa da safe, da rana za ki tarar an ajiye miki kwano an rufe da faifai, ba za ta ce uffan ba. Tun tana budurwa aka san hannunta a girki. Duk taron da aka yi a unguwarmu, aure ne ko suna ko walimar saukar karatu, ita ake damƙa wa madafi, ta ɗaure ɗankwali ta tsaya kan manyan tukwane tana ba mata umarni, babu mai musa mata. Aure ya kai ta Malisa, gidan wani manomin albasa, mutumin kirki mara yawan magana, suka sami ɗa ɗaya da ya rayu, shi ne Bello. Da mijin ya rasu ta fita takaba, sai ta dawo Gwandu ta zauna a tsohon gidanmu, katanga ɗaya tsakaninta da gidan babanku.

Wadda ta dawo ba Adda Kulun da na sani ba ce. Takan wuni a bakin ƙofar ɗaki, carbi a hannu ba ta ja, idonta a kan kajin da ke tono a tsakar gida. Faɗan ma ta daina. Ni da na girma cikin faɗanta, rashinsa ya fi komai ba ni tsoro. Na yi ta neman abin da zai tashe ta, ban samu ba, sai ranar da Bello ya zo gaishe mu daga Kalgo. A lokacin ya zama magidanci, yana da ɗan shagon kayan masarufi a kan hanyar shiga jami'a, da firiza guda da yake sanyaya ruwa da zoɓo. Cikin hira yake ba mu labarin ɗalibai, yadda kowa ya iya dafa shinkafa ko taliya a ɗan risho, amma miya ta gagare su, ba lokaci, ba turmi, wasu ma ba iyawa. Ya ce da za su sami miya dafaffiya su ɗuma kawai, da rububinta za su yi. Ina kallon Adda, sai na ga ta ajiye carbin. Ta tambaye shi wace irin miya yaran suka fi so. Wannan ce tambaya ta farko da na ji ta yi wa wani tun bayan rasuwar mijinta.

Haka muka fara, da 'yan kwalabe masu faɗin baki da muka tattara a gidajen maƙwabta. Daga baya Bello ya riƙa sayo mana sababbi daga Sakkwato, ya kuma sa aka buga 'yar takarda mai gam da ake mannawa a jiki, an rubuta Miyar Inna Kulu. Ranar da ta fara ganin takardar, ta sa na karanta mata, ta ce in sake. Aikina wanke-wanke da jigila. Nakan wanke kwalabe da murafe in tafasa su, in kife su a faranti su tsane. Ita kuma tana kan murhu: jar miya da naman rago, miyar taushe da kabewa da gyaɗa, miyar sure, wato yakuwa, da busasshen kifi, miyar alayyafo. Takan soya kayan miya har mai ya taso, ta zuba da zafinta, ta malala mai a sama, in ɗaure murfi tamau. Idan sun huce mu jera su cikin kula mai ƙanƙara, da safe in hau mota ta Birnin Kebbi in kai Kalgo, Bello ya zuba a firiza. In dawo da kwalaben da aka maido.

Gidan nan ya sake yin murya. Tun daga zaure za ka ji ta tana yi mini faɗa kan na yanka albasa da kauri, tana yi wa mai kawo itace faɗa kan ɗanye ya kawo, tana dariya irin tata mai sa ta tari. Babanku yakan ce shi dai rabonsa a wannan ciniki ƙanzon tukunya ne, kuma ba ya neman ƙari. Ɗalibai suka san ni, suna ce mini Mama, amma ita suke tambaya. Akwai wata yarinya 'yar Zuru, Rahila, siririya mai fara'a, wadda ba ta wuce miyar taushe. Kullum sai ta ce in gaishe mata da Inna, wai ɗanɗanon yana tuna mata da kakarta. Da na kai wa Adda saƙon, sai ta harare ni ta ce ita ba kakar kowa ba ce, amma daga ranar takan ware kwalba ɗaya ta ƙara mata kabewa.

A shekarar da nake ba ku labari azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Zafin da aka yi, ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar daga wuta aka ɗauko ta. Ciniki ya ƙaru, domin masu azumi na neman abin sahur mai sauƙi, wasu kuma suna so su tafi da miyar gida tsarabar salla. Muka yi girki mafi yawa da muka taɓa yi, na kai Kalgo, firizar ta cika maƙil. Kashegari taransifomar layin su Bello ta ƙone. Ya tayar da janareta, ita ma ba ta daɗe ba ta tsaya, makaniki ya ce sai an nemo wani ƙarfe daga nesa. Bello ya kira uwarsa yana tambayar abin yi. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, miyar da aka soya har mai ya rufe ta, aka kuma ɗaure ta da zafi, ba ta lalacewa, ai naman layya ma haka muke adana shi cikin mai ya kai mu wata da watanni. Abin da muka sani ke nan, ni da ita da duk matan unguwarmu, haka muka gada. Bello ya kwashe kwalaben ya jera su a kan kanta, a cikin shago mai rufin kwano, ya ci gaba da sayarwa.

Ana saura 'yan kwanaki salla na je Kalgo karɓo kwalabe. Bello ya ja ni bayan kanta ya nuna mini wasu da ya ware gefe, murafensu sun kumbura sun yi tozo. Ya ce ya buɗe ɗaya ta yi tsaki kamar lemon kwalba, shi ya sa ya janye su, amma sauran lafiya lau, ba wari ba kumfa. Muna cikin haka wata ɗaliba ta shigo sayen katin waya, idonta jawur. Na gane ta, abokiyar ɗakin Rahila ce. Na tambaye ta lafiya, ta ce an kai Rahila asibiti a Birnin Kebbi. Ta tashi tana ganin abu ɗaya biyu, fatar idonta ta ƙi ɗaguwa, ko yawu ba ta iya haɗiyewa, harshenta ya yi nauyi. Wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sanƙarau. Na tambaye ta abin da Rahila ta ci kafin haka. Ta yi tunani ta ce kananzirinsu ya ƙare, sai Rahila ta buɗe miyar taushe ta ci da burodi haka nan ba ta ɗuma ba. Ita abokiyar ba ta ci ba domin tana azumi.

Na ɗauki kwalba ɗaya mai kumburin da ɗaya marar kumburi na sa a jaka, na ce wa yarinyar ta raka ni. A asibiti na ga Rahila ta taga. Tana kwance, ido rufe, amma a farke take, domin da abokiyarta ta kira sunanta sai ta motsa yatsa. Likitar da ke duba ta mace ce mai matsakaicin shekaru. Na ajiye mata kwalaben a tebur na gaya mata komai, tun daga ƙonewar taransifoma. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce na taimake su, domin tun jiya suke laluben abin da ke damun yarinyar. Sannan ta yi mini bayani da Hausa yadda zan gane. Akwai wata ƙwayar cuta da ba ta son iska, wurin da ta fi jin daɗi shi ne abinci mai ruwa-ruwa da aka rufe ruf aka bar shi cikin ɗumi. Man da muke malalawa a sama gida yake gina mata. Tafasar tukunya ba ta kashe irinta, sanyi kaɗai ke hana ta tashi, shi ya sa muddin kwalaben na firiza ba a taɓa samun matsala ba. Naman layya daban ne, an soye ruwansa ya ƙafe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce dafin da ƙwayar ke saki ba lallai ya yi wari ba, ba lallai murfi ya kumbura ba, miyar na iya zama da daɗinta kamar yau aka sauke.

Da zan fita ta ce mini duk wanda ya sayi kwalba tun ranar da wuta ta ɗauke sai an sanar da shi, kuma yau, ba gobe ba. Kada a ɗanɗana, kada a ba dabba, a haƙa rami a binne da murfinta.

Na iso Gwandu bayan la'asar. Na tarar da Adda a tsakar gida tana gyaran kabewa, ta riga ta jiƙa gyaɗar girkin gobe. Bello ya riga ni da waya, don haka ta san wani abu, amma ba ta san duka ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita na faɗa mata. Tana ji tana ci gaba da fere kabewar, har ta fere ta wuce ɓawo ta shiga tsoka. Da na kai kan maganar Rahila sai wuƙar ta tsaya. Sannan ta fara tsara yadda za a yi: Bello ya bi ɗakunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya ce gishiri ne ya yi yawa a wannan girkin, a maido a canja musu bayan salla. Ba wanda zai ci, ba kuma wanda zai ji. Na ce mata ɗalibai sun fara watsewa, kwalabenmu suna cikin jakunkuna a kan hanyar Yauri da Argungu da Zuru da Sakkwato, Bello bai san sunan rabinsu ba. Wanda aka ce wa gishiri ya yi yawa kuwa ƙara ruwa zai yi ya ci. Hanya ɗaya ce, a yi saƙon murya a tura a zaurukan wayar ɗalibai, a faɗi sunan miyar, a faɗi gaskiyar abin da ke cikinta.

Sai ta ɗago ta dube ni.

"Balki, sunana na bisa kwalaben ga, ba naki ba. Ke kina da miji, kina da ɗiya cike da gida. Ni sunan ga kaɗai ya rage min."

Na ce na sani, Adda.

"In kin sani, ki ba ni kwana biyu. Ban taɓa roƙonki komi ba tun da anka haihe ki."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Na tashi na zagaya gida na tarar da babanku yana alwala. Na zayyana masa, ina fatan ya yanke mini hukunci in ce shi ya sa ni. Bai yi ba. Ya gama wanke ƙafarsa, ya ce shi ba zai shiga tsakanin 'ya da uwar da ta goye ta ba. Abin da kawai ya ƙara shi ne, idan wani yaro ya mutu a wani ƙauye bayan salla, mutanen garin za su ce kwanansa ne ya ƙare, ba wanda zai danganta shi da Gwandu, amma ni da shi za mu sani. Ya sa takalmi ya fita masallaci.

Na kira Bello na ce ya tura saƙon. Ya yi ta kuka a waya, ƙato da shi, ya ce ba zai iya tozarta uwarsa da hannunsa ba, amma ya rufe shago, ba zai ƙara sayar da ko ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Na shiga ɗaki na ja ƙofa, na danna wayata na yi magana da muryata. Na faɗi ko ni wace ce. Na ce duk mai kwalbar Miyar Inna Kulu da ya saya a 'yan kwanakin nan kada ya buɗe, ko da ba ta wari, ya binne ta. Wanda ya riga ya ci, idan ya ji idonsa ko maƙogwaronsa ya canja, ya garzaya asibiti ya faɗi abin da ya ci. Na ce ba da gangan ba ne, wuta ce ta ɗauke, ba mu sani ba. Na tura wa abokiyar Rahila na ce ta watsa iyakar inda zai kai.

Ban zaci zai yi saurin dawowa gida ba. Kafin a sha ruwa saƙon ya zagayo ya shigo Gwandu. Ina tsakar gida ina zuba kunu sai na jiyo muryata tana fitowa daga wayar maƙwabta, an ƙure sauti, mata sun taru suna sauraro, an gama an sake sawa. Katangar da ke tsakanina da Adda ba ta da tsawo. Na san tana zaune a inda na bar ta, tana jin ƙanwarta tana kiran sunanta a bakin duniya. Na ji ƙarar kwano ya faɗi a gidanta, ban ji an ɗauka ba.

Da gari ya waye maganar ta riga ta yi rassa. Aka ce mutum uku sun mutu. Aka ce wani abu take barbaɗawa don jan ciniki, shi ne ya juye. Aka ce ni na tona mata asiri domin ta hana ni rabo. Ma'aikatan lafiya suka zo shago suka zo gidanta, cikin ladabi suka yi tambayoyinsu suka tafi, amma motarsu ta tsaya a ƙofar gida kowa ya gani. Ni da Bello muka haƙa rami a bayan gari muka binne abin da ya rage. Muna zuba ƙasa ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. A cikin kwanakin salla wata mata ta kira ni daga wajen Yauri, ta ce ɗanta ya kawo mata kwalba, ta ajiye don ta zuba wa jikokinta a tuwon salla, sai ga saƙon. Ta yi ta sa mini albarka. Na saurare ta, na gode, amma ban ji wani sanyi a raina ba. Wani ɗalibi kuma ya kai kansa asibiti da wuri, aka sallame shi ba da daɗewa ba.

Rahila ce ta sha wuya. Aka wuce da ita Sakkwato, aka sa mata na'urar da ke yi mata numfashi, ta daɗe a haka har damina ta kankama. Na je duba ta. Mahaifiyarta na zaune a baranda kan ɗan zane, mace ƙarama mai furfura. Na gaya mata ko ni wace ce, na shirya wa zagi. Ba ta zage ni ba. Ta matsa ta ba ni gefen zanen, muka zauna muna kallon ƙofar ɗakin har lokacin tafiyata ya yi. Yarinyar ta rayu, amma shekarar karatu ta wuce ta, kuma da ta fara magana muryarta ta zama 'yar siririya, sai ka matso kake ji.

A Gwandu kuwa abin bai wuce ba. Ranar salla Adda ta dafa tuwon shinkafa da miyar da ta sauke a take, ta rarraba wa maƙwabta kamar yadda ta saba. Wasu kwanukan suka dawo ba a taɓa ba. Wani gida kuma ta hango ta ƙofa ana juye nata a kwatami. Bikin farko da aka yi a unguwa bayan haka, ba a aiko mata ba, aka ɗauko wata daga can ƙasan gari. Na biyu ma haka. Matan da ta koya wa yadda ake tuƙa tuwon taro su ne suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta miƙa musu ko da ƙuli-ƙuli ne. Wata safiya na leƙa ta katanga na ga ta wanke manyan tukwanenta tas, ta kife su a bayan ɗaki, ta ɗora musu duwatsu. Ba ta ƙara ɗora tukunya a wuta ba, ko ta ruwan zafi. Bello ya sayar da kayan shago ya koma gonar ubansa a Malisa, matarsa ce ta dawo tana yi wa Adda girki.

Ba ta yi gaba da ni irin wadda addini ya hana ba. Idan na yi sallama takan amsa. Idan na ce ina kwana takan ce lafiya. Amma idonta yana kan bango, ko kan tafin hannunta, ko kan kaji. Na kai mata atamfa ta ce a ajiye. Na kai mata ku kuna gaishe ta, ta shafa kanku, ta tambayi karatunku, ni kamar ba na wurin. Dangi suka so su shiga tsakani, ta ce ita ba ta da faɗa da kowa. Haka muka yi damina biyu, katanga ɗaya, ina jin tarinta tana jin nawa.

Kuna iya tambaya ko na yi nadama. Da za a maido ni wannan yammacin, zan sake danna wayar. Amma kada ku ɗauka akwai daɗi a ciki. Sau da yawa ina juya abin a raina: da na zauna da ita har ta yarda, da muryarta ce ta fita ba tawa ba, wataƙila mutane sun ga girmanta maimakon laifinta. Wataƙila kuma da na jira, matar Yauri ta riga ta buɗe kwalbar. Ban san amsar ba, kuma na daina sa ran zan sani.

Ciwon ajalinta ya fara da rama. Wata rana da hantsi matar Bello ta shigo ta ce mini Inna ta ƙi cin komai, ko kunu sai ta kau da kai. Na hura wuta na tuƙa ɗan tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka, na ɗauka da tsumma saboda zafi na zagaya. Tana kwance ta fuskanci bango, ta zama kamar ba ita ce doguwar nan ba. Na yi sallama na zauna a bakin gado. Ƙanshin daddawa ne ya sa ta juyo. Ta dubi kwanon.

"Yaushe kinka dahwa shi?"

"Yanzu na sauke, Adda. Taɓa ki ji."

Ta miƙa hannu ta dafa gefen kwanon, ta janye da sauri. Na tallafe ta ta zauna. Ta ci 'yan lomomi, ta ce daddawar ta yi yawa, kuma har yau ban iya kaɗa kuka ba. Na ji hawaye na zubo mini domin ta yi mini faɗa. Sai ta tambaye ni ko yarinyar nan ta Zuru ta koma makaranta. Na ce ta koma, Bello ya ji labari. Ta gyaɗa kai. Daga baya matar Bello ta gaya mini tun ranar da abin ya faru Adda ba ta taɓa idar da salla ba sai ta ambaci sunan Rahila.

Na ɗauki kwano zan tashi sai ta riƙe bakin zanena. Idonta yana kan hannun nata, ba a kaina ba.

"Na san abin da kinka yi daidai na, Balki. Tun ranar na sani. Sanin dai bai sa na iya kallonki ba."

Ta saki zanen ta koma ta kwanta ta fuskanci bango. Na ci gaba da kai mata abinci kullum, wani lokaci ta ci, wani lokaci ta ƙi, amma ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ba ta kai ƙarshen watan ba. Bello ya aiko a kira ni, ya ce ta bar wasiyya ni zan yi mata wanka, kada a ba kowa.

Na so ƙwarai in faɗa muku cewa ta yafe mini. Mutane sun ce wasiyyar nan yafiya ce, babanku ma haka ya ce har ya koma ga Allah. Mai yiwuwa haka ne. Ni dai abin da na sani shi ne na wanke ta da hannuna, na taje mata furfurarta, na rufe mata fuska, kuma a ranar ce na samu na kalle ta son raina ba ta kau da kai ba.